Sunan da Ya Yi wa Hure Nauyi a Baki

Idan ka je kasuwar Nasarawa Burkullu ka ce Hure kake nema, za a tambaye ka wace Huren. Ka ce mai tambaya. Nan take za a nuna maka gindin tsamiyar da masu fura da nono suke jera ƙorensu, a ce ga ta can mai jan kallabi, amma fa ka shirya. Kafin ta gama dama maka fura ta san garinku, ta san abin da ya kawo ka, ta san ko takalmin ƙafarka saye ka yi ko ba ka aka yi. Ba gulma ba ce, domin ba a taɓa jin ta ɗauki maganar wani ta kai wa wani ba. Ita dai Allah ya yi ta da son sanin tushen abu, kuma ba ta jin nauyin a ce ba ta sani ba.

Tun tana ƙarama aka yi ta fama da ita a rugarsu. Ta taɓa tsare Innarta sai ta gaya mata dalilin da ya sa nono yake fari alhali ciyawar da saniya ta ci kore ce. Ta taɓa bin sawun mota a ƙasa don ta ga inda hanya ta ƙare, sai wani makiyayi ne ya tsinto ta ya dawo da ita tana kuka, kuma ba kukan ɓata take yi ba, kukan an hana ta kaiwa ƙarshe ne. Tsofaffin mata suka ce wannan ba fulako ba ne, 'yar Fulani da baki haka kamar 'yar kasuwa. Da ta isa aure ta zaɓi Lado, don shi kaɗai ne cikin samari idan ta tambaye shi abu yakan tsaya ya yi tunani tukuna kafin ya ce bai sani ba. Suka zauna a gefen ƙauyen Yargalma da 'yan shanunsu da gonar gero.

Amma akwai wuri guda da ko masu zaginta ba su taɓa samun ta da kuskure ba, shi ne kunyar 'yar fari. A al'adarsu, kamar yadda yake a gidajen Hausawa da yawa na yankin, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Idan ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi. Hure mace ta fara haifa, kuma da aka yaye ta sai Goggo ta zo ta goya abinta ta tafi. Goggo ƙanwar mahaifin Lado ce, tsohuwa mai zafin rai da Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune a wata ruga bayan Nasarawa Burkullu. Daga ranar, idan dole ta sa Hure ta ambaci yarinyar, sai ta ce "ɗiyar Goggo". Mu ma bari mu taya ta kunya mu kira ta hakan.

Da Hure ta haifi na biyu, namiji, aka sa masa Dabo. Shi kam ya sha suna. Duk son da ta danne a kan ta farin, a kansa ta juye shi. Dabo kaza, Dabo kaza, tana cilla shi sama tana cafewa, har maƙwabta suka gaji da ji. Goggo ta zo suna da ɗiyarta, da ta ga gidan da ci da sha sai ta yi zamanta har rani ya kusa fita.

Ci da sha kuwa akwai su a shekarar, domin shekarar da zinare ya ruɗa ƙauyukan ce. Maza suna haƙo dutse a daji su kawo gida a buhu, a farfasa, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, mata su daka saura a turmi. Lado ma ya shiga. Ƙurar dutsen mai laushi ce ƙwarai, tana kwanciya a kan tabarma da tukunya da gashin ido. Ɗiyar Goggo, wadda lokacin ba ta cika shekara biyar ba, ta samu abin wasa. Tana tara ƙurar a gindin turmi ta zuba ruwa ta tuƙa tuwo a murfin gwangwani, ta raba wa kowa, ita ma ta ɗanɗana. Hure tana kallonta ta gefen ido tana dariya a ciki. Sau da yawa ta so ta ce mata ta bari, amma ba hurumin uwa ba ne, sai ta kau da kai.

Goggo ta koma rugarta da yarinyar, ba a jima ba yara suka fara mutuwa a Yargalma. Yaro zai bar cin abinci, ya yi ta amai, sai jijjiga ta kama shi, idanu su kafe, shi ke nan. Gida bayan gida. Aka ce iska ce, aka ce zazzaɓi ne, aka yi sadaka aka yi rubutu. Akwai matar da ta rasa biyu cikin mako guda, ta zauna a ƙofar ɗaki ba ta ko kuka. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya son a tuna masa, kuma Hure mai tambaya ita ma bakinta ya mutu na wani lokaci, don tambayar ta fi ƙarfin kowa.

Sai ga fararen motoci da farkon damina, da likitoci baƙi da na gida. Suka ɗebi jinin yara, suka ɗora wata na'ura a ƙasan tsakar gida, suka ce dalma ce. Tana cikin dutsen zinaren, ita ce ƙurar, ita ce take shiga cikin yara. Aka kankare ƙasar gidaje da fartanya aka kwashe a buhuna, aka zubo sabuwa. Yaran da abin ya yi wa yawa aka tafi da su asibitin Bukkuyum da iyayensu mata. Dabo, da yake kullum yana goye, nasa bai yi tsanani ba, aka ba shi wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ana haɗa masa da zuma. Ko sisi ba a karɓa ba. Nan fa bakin Hure ya dawo.

Akwai wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Gummi, Zulai, ita ce take tafinta tsakanin baƙin da mata. Hure ta kafa ƙwaryarta kusa da rumfar da suke aiki, kullum Zulai ta zo shan nono sai ta biya da amsa.

"Malama, wa ka biyan kuɗɗin maganin ga?"

"Ƙungiya ka biya."

"Ita ƙungiyar, shanu gare ta ko gona?"

Zulai ta yi dariya har nono ya sarƙe ta. Ta ce ba shanu ba gona, ba ta ake yi. Hure ta ce wa ke ba ta. Zulai ta ce masu ba da tallafi, na ƙasashen waje. Hure ta ce don me. Zulai, wadda layin mata yake jira, ta ajiye ludayi ta ce, "Aikin haƙƙin yara na, Hure. Bari in tahi."

Wannan kalma ta tsaya wa Hure a rai. Haƙƙi dai ta san shi. Shi ne abin da yake kama wanda ya ci dukiyar maraya, shi ne ake cewa wane ya ɗauka idan ya doki dabba ba dalili. Ba a maganar haƙƙi sai an yi zalunci. To, ashe mutanen nan na ƙetaren teku wani mugun abu suka yi wa yara a garinsu, abin ya dame su, suka zo nan suna sauke nauyi. Ta yi ta juya abin tana tausaya musu. Ta so ta san ko mene ne laifin.

Da a ce abin ya tsaya nan, da son sani ne kawai irin nata. Amma ran wata kasuwa, tana cikin damun fura, wata mata daga wajen Nasarawa Burkullu ta zauna kusa da ita tana ba wata labari, ba ma da Hure take ba. Ta ce ɗiyar Goggo ta bar cin abinci, shekaranjiya ta faɗi tana jijjiga, Goggo tana ta yi mata hayaƙi. Hure ba ta ɗaga kai ba. Ta ci gaba da juya ludayi har furar ta zama ruwa, sannan ta tambayi matar ko an yi ruwa a wajensu. A ranta kuwa tana ganin murfin gwangwanin nan da tuwon ƙura.

Da ta koma gida ta ce wa Lado, tana kallon bango, ta ji an ce akwai marar lafiya a gidan Goggo. Lado shi ma uba ne na 'yar fari, kunyarsa ba ta gaza tata ba, ga kuma nauyin buhunan da ya kawo gida da hannunsa. Ya tafi da safe, ya dawo da la'asar shi kaɗai. Ya ce Goggo ta ce ba ta ba da ɗiyarta. Ta ce abin da ba ta san mai shi ba ba ya shiga cikin yarinyar. Wane ne ya biya, kuma me yake so? A gaya mata wannan tukuna, domin ita tun da ta zo duniya ba ta taɓa ganin wanda bai san ka ba ya yi maka ɗawainiya haka kawai.

Lado ya ɗauka magana ta ƙare, domin ba a ja da Goggo. Hure kuwa ta ji an ba ta aikin da ta iya. Tambaya biyu ce, kuma idan akwai mai amsarsu a doron ƙasa sai ta tono shi.

Ta fara da Gwadabe, direban ɗaya daga cikin motocin, mutumin Anka mai son fura da yaji. Ta dama masa mai kauri ta ƙi karɓar kuɗi, ya san akwai magana. Ya ja ta gaban wani allo da aka kafa a bakin gari, mai ɗauke da tambura kala-kala a jere. Hure ba ta karatun boko, amma ta san shaidar da ake yi wa shanu, ta gane kowane tambari na wani ne.

"Kin ga wanga?" in ji Gwadabe. "Na gwamnatin wata ƙasa na. Harajin mutanensu sunka ɗiba sunka biya kwasar ƙasa. Wanga kuma su ka biyan magani. Wancan na gehe, man mota da albashinmu. Kowa da abin da yac ce a yi da nashi. In na ɗebi man wanga na yi aikin wancan, kora ta za a yi."

"Su ka zuwa su diba?"

"Ba su zuwa. Rubuta musu aka yi, a ce ga yara kaza, ga garuruwa kaza, ga lokacin da za a gama. In sun yarda su aiko. In an gama a rubuta musu abin da anka yi."

Hure ta ce, "Ashe kuɗɗin ga ɗaure suke, kamar maruƙa ga dangwali." Dangwali ita ce doguwar igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure, kowane da iyakar inda wuyansa zai kai. Gwadabe ya ce wallahi bai taɓa jin wanda ya faɗa daidai haka ba. Ta tambaye shi ko igiyar ta kai rugagen bayan Nasarawa Burkullu. Ya ce a'a, can ba a niƙa dutse ba, ba ya cikin wuraren da aka ambata, motarsa ba ta zuwa. Ya ga fuskarta ta canza, amma ya ɗauka furar da ta ba shi kyauta take tunawa.

Gwamnati dai ba mutum ba ce da za a kai wa Goggo sunanta. Hure tana son mutum mai hanci da baki. Cikin baƙin akwai wata Baturiya ma'aikaciyar jinya, doguwa, wadda rana ta gasa wa wuya, yara suna ce mata Mai Hula don ba ta rabuwa da wata malafa. Hure ta wanke ƙwarya ta zuba kindirmo mai kyau, ta jira har matan layi suka ragu, ta ce wa Zulai tana son ta gaisa da baƙuwa. Zulai ta harare ta, don ta san irin gaisuwar Hure, amma ta zauna tafinta.

Hure ta tambayi sunan garinsu, ta tambaya ko suna da shanu, ta tambaya ko gaskiya ne ruwa yana daskarewa a can. Mai Hula tana amsawa tana shan nono da ludayi a karkace. Daga nan Hure ta zo kan magana. Ta ce tana son a faɗa mata mutum guda, guda ɗaya tak, wanda kuɗinsa yake cikin maganin nan.

Mai Hula ta yi tunani. Ta ce ban da na gwamnatoci, yawancin kuɗin maganin na mutane ne haka nan, masu aiki da tsofaffi, kowa yana cire ɗan kaɗan duk wata. Ta ce ko mahaifiyarta tana ciki. Tsohuwa ce, da tana aikin ɗinki, yanzu ta daina, ba ta taɓa fita ƙasarsu ba, ba ta ma iya faɗin Zamfara daidai.

Hure ta gyara zama. Ga mutum an samu. Ta rage murya saboda abin na sirri ne, ta ce wa Zulai, "Tambaye ta, don Allah kar ta ji haushi. Innar tata, ɗan wa taz zalunta?"

"Mi?"

"Ke kinka ce haƙƙin yara na. Ɗan wa tac ci haƙƙinai?"

Zulai ta kifa kai a gwiwa tana dariya har da hawaye. Da ƙyar ta juya maganar. Mai Hula ta yi jajur, ita ma ta yi dariya, sannan ta nutsu. Ta ce mahaifiyarta ba ta zalunci kowa ba. Abin da ake nufi shi ne, duk yaron da aka haifa, ko a ina ne, akwai abin da ya wajaba manya su yi masa tun bai roƙa ba: a ciyar da shi, a yi masa magani, a koya masa karatu, a ba shi suna. Ba sai ka san shi ba.

"To ai shi na nic ce," in ji Hure. "In ba ta ba da ba, haƙƙin ya kama ta. Tsoro taka ji."

Zulai ta ce ba haka ake faɗa a wurin horo ba, amma kusan haka ne. Hure ba ta ma saurare ta ba, don wata kalmar ce ta kama ta.

"Har suna?"

"Har suna," in ji Zulai. "Kin ji abin da Gwadabe yag gaya miki. Mu muka hwaɗa musu yaran da ke akwai. Yaron da ba a hwaɗa ba, kuɗɗin ba su ganinai."

Hure ta ɗauki ƙwaryarta ta yi sallama. Ba ta yi nisa ba Zulai ta biyo ta, suka tsaya bayan wani rumbu inda ba kowa. Zulai ta daina dariya.

"Hure, ni ma ɗiyar hwari ta, har yau Innata ba ta kiran sunana. Tun randa nig gan ki kina cilla yaron ga sama kina Dabo, Dabo, na san ba shi na na hwari ba. Ina babban?"

Hure ta sunkuyar da kai tana zane a ƙasa da babban yatsa. Can ta ce, "Goggon maigidana na da wata ɗiya."

"Ta zauna gidanku lokacin niƙa?"

"Rani duka."

"Innalillahi. Ki kawo ta gobe. Mota ba ta zuwa can, amma in ta iso gare mu za a ɗebi jininta. Sai dai wani nata ya tsaya ya ce ya yarda."

"Ba tawa ta ba."

"Wa yah haihe ta?"

Hure mai tambaya ta kau da kai. Ta gyara goyon Dabo ta tafi.

Washegari da hantsi ta bar Dabo wurin maƙwabciya ta hau kabu-kabu. An yi ruwa, hanyar duk taɓo, wani wurin sai ta sauka ta taka a ƙasa mai babur yana turawa. Gero ya kai gwiwa ta ko'ina. A kan hanya ba ta yi wa mai babur tambaya ko ɗaya ba, har shi da ya san halinta ya waiwayo ya ce lafiya dai.

Ta samu Goggo a ƙofar bukka da kasko tana hura hayaƙin saiwoyi. Yarinyar tana kwance a tabarma, ta rame, idanu buɗe amma ba ta kallon komai. Matan ruga suna zazzaune. Hure ta durƙusa nesa da tabarmar, ta juya mata baya kamar yadda ya kamata, ta gaida Goggo da gida da shanu da damina, ba ta tsallake komai ba. Goggo ta amsa a gajarce.

"Goggo, kin yi tambaya biyu, na kawo amsa."

"Hwaɗi."

Hure ta jero abin da ta tono. Ta faɗi gwamnatocin da suka ɗebi harajin mutanensu, ta faɗi dangwalin da kuɗin suke ɗaure da shi, ta faɗi wata tsohuwa mai ɗinki a garin da ruwa yake daskarewa, wadda take cire kaɗan duk wata. Matan suka matso suna sauraro, don labarin da daɗi.

"Mi taka so?" in ji Goggo.

"Ba ta son komi. Tsoron haƙƙi taka yi."

"Ta san ɗiyata?"

"Ba ta san ta ba."

"Ko sunanta?"

"Ko sunanta."

Goggo ta yi tsaki ta juya ga kaskonta. "Ƙarya ta sha ƙarya. Wadda ba ta san sunan ɗiya ba, ina za ta ji tsoron haƙƙinta?"

Nan ne amsoshin Hure suka ƙare. Duk abin da ta tono ta zube, bai isa ba. Ta san abin da ya rage, ta kuma san bayan ta yi shi za a yi shekaru ana ba da labarinta a rugage ana riƙe baki.

"Shi na abin da yad dame ni, Goggo. Tsohuwa can ƙetaren teku ba ta san sunanta ba, tana jin tsoro. Ni ko na san shi. Ina kallo tana cin ƙurar ga ban ce komi ba." Ta juyo, a gaban kowa, ta kalli tabarmar sosai. "Mardiyya za ni kai asibiti."

Wata mata ta ce subhanallahi. Wata ta ja mayafi ta rufe fuska, kamar ita ce ta yi abin kunyar. Goggo ta tsaya da mafici a hannu.

"Mi kinka ce?"

"Mardiyya nic ce." Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "In rashin kunya na, na yi shi. Ban zo amshe ta ba, Goggo. Ke kinka raine ta, ke ta uwatta. Ki taho ki goya ta, ni in ɗauki kaya. Amma yau za ta."

Goggo ta daɗe tana kallon Hure, sannan ta kalli yarinyar, sannan ta kalli kaskon da ta kwana biyu tana hurawa bai yi komai ba. Tsohuwar ba muguwa ba ce, tsoro ne ya cika ta, don duk duniya ba ta da kowa sai wannan ɗiya. Ta juye garwashin a ƙasa ta take da takalmi, ta sunkuya ta ce wa matan su ɗora mata yarinyar a baya.

"Tashi, marar kunya," ta ce wa Hure. "Naɗe tabarma."

Jinin yarinyar ya nuna dalma mai yawan gaske, a ranar aka wuce da su asibitin Bukkuyum. Goggo ta ce ita ce uwa, Hure ta ce haka ne, suka yarda tare a yi mata magani. Sun yi makonni a can, Lado ya kawo wa Hure Dabo. Goggo ta yi faɗa da masu shara, ta yi faɗa da mai dafa abinci, kuma ba ta bari an ba yarinyar maganin ba sai da ta ɗanɗana da kanta ta tofar, ta ce lalle wanda ya biya kuɗi a kan wannan wari ba don daɗi ya yi ba.

Mardiyya ta tashi. Dalmar ba ta tafi hannu wofi ba, domin har yau maganarta a hankali take fita, karatu kuma ya yi mata wuya. Amma ta girma, ta iya tatsa, ita ta yi jinyar Goggo har Allah ya karɓi abinsa. Aikin likitocin ma ya daɗe da naɗe tabarmarsa. Da motocin za su tafi Hure ta tambayi Gwadabe inda kuɗin suka koma, ya ce an kwance dangwalin an kai wata ƙasa inda wani abin yake kashe yara. Allon tamburan ya yi tsatsa, wani ya cire ya yi ƙyauren awaki da shi. Duk baƙon da ya sha fura a gindin tsamiyar nan, idan ya ce ya taɓa aiki da wata ƙungiya, sai Hure ta tambaye shi ko Innar Mai Hula tana da rai. Ba ta samu wanda ya sani ba, don haka tana sa ta a addu'a a matsayin mai rai.

Sunan kuwa, ta koma kunyarta. Ka zauna da ita shekara ba za ka ji shi a bakinta ba, ɗiyar Goggo ce har gobe. Masu tsokana sukan ce mata ai an ji ta faɗa sau biyu a gaban jama'a, ta ce ba ta tuna ba. Sau uku ne, amma na ukun ba a gaban jama'a ba ne.

Wata rana ce a asibitin, da azahar, bayan jijjigar ta daina zuwa. Goggo ta fita alwala, Hure tana zaune a bakin gado ta ba da baya tana tsince wake a faifai. Sai ta ji ɗan hannu ya ja gefen zanenta. Yarinyar ta yi kwanaki da yawa ba ta yi magana ba. Tana kallon Hure da irin kallon nan na mai son sanin tushen abu, wanda ba sai an tambayi inda ta gado shi ba.

"Innar Dabo," ta ce, "ashe kin san sunana?"

Hure ta daina tsince waken. Ta dubi ƙofa, ba kowa. Ta ajiye faifan, ta sunkuya har bakinta ya taɓa kunnen yarinyar, ta sake faɗa mata shi.